Kwalaben Mai Sinima

Mahaifina bai taɓa kaɗa jita ba, ko riƙon ta bai iya ba. In an miƙa masa sai ya karɓe ta kamar jaririn maƙwabta, ya leƙa ramin da waya ke shiga, ya mayar wa mai ita. Duk da haka babu makaɗin jita a garinmu da bai san ƙofar shagonsa ba, kuma silar wannan wani akwati ne da ya haɗa wa ƙanin mahaifiyata.

Mai Sinima ake ce masa, har ya tsufa sunan bai sake shi ba. Tun yana saurayi ya kama aiki a wani gidan sinima, shi ne mai kula da sauti. Wurin zamansa wani ɗan ɗaki ne mai zafi a saman bene, kusa da injin haska fim, inda aka girke amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya fita ta lasifika. Irin ta zamanin da ce, tsayinta ya kai kabad, cikinta jere da ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan fitila. Sunansu na aiki bawul, amma Baba kwalba yake ce musu, mu ma da haka muka tashi. Kowace kwalba akwai 'yan farantan ƙarfe a cikinta, a tsakiya kuma wani siririn zare da ke yin ja kamar garwashi in an kunna.

Abin alfaharin Baba guda ɗaya ne. Duk shekarun da ya yi a wurin, sauti bai taɓa ɗaukewa ana tsakiyar fim ba. Ba ya matsa wa kwalba, ba ya barin ta sha wutar da ta fi ƙarfinta, in kuma ya ga ta fara gajiya yakan cire ta tun ba ta ba shi kunya ba. Yakan ce, "In 'yan kallo suka tuna akwai mutum a ɗakin sama, to aikina ya ɓaci."

Da sinimar ta mutu aka sayar da ginin, sabon mai shi ya mai da shi wurin ajiyar siminti. Ya ce wa Baba ya kwashe tarkacen ɗakin sama in yana so, in ba ya so a zubar. Baba ya ɗauko amalanke ya loda lasifika biyu, da taransifoma mai raba wa na'urar wuta, da wani kwali cike da kwalabe, kowace ya naɗe ta da jarida. Abin da ya baro wurin da shi ke nan, sai kuma kunnen hagu da ƙarar shekaru ta riga ta taɓa.

Ɗakin gaba na gidanmu ya mayar shago. Yana gyaran rediyo da talabijin da fanka da dutsen guga, duk abin da ke da waya dai. Teburinsa a shimfiɗe yake da guntun darduma don kada kayan mutane su karce, gwangwanayen madara jere a bango cike da ƙusoshi, ga warin dalma da ba ya barin ɗakin ko an buɗe taga. Labule kawai ya raba shagon da ɗakin da Inna ke ɗinki da kekenta mai aiki da lantarki. Kwalin kwalaben kuwa yana ƙarƙashin tebur, babu mai nema, don duniya ta riga ta koma kan ƙananan na'urori marasa zafi.

Kawu Auta shi ne ƙaramin su Inna. Da rana yana tuƙa motar wani gidan burodi, ƙarshen mako kuma yana kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa da ake gayyata bukukuwa. Mutum ne mai surutu da dariya, kuma tsakaninsa da Baba akwai tsokana irin ta miji da ƙanin mata. Yana da amfilifaya ta zamani, amma kullum cikin kuka da ita yake, wai in ya kaɗa ji yake kamar ana buga murfin tukunya. Sautin da yake nema a tsofaffin faya-fayai ya ji shi, murya mai kauri, wadda in an taɓa tsirkiya a hankali takan fito da taushi, in an danna kuma ta yi ɗan gurnani.

Wata rana cokalin shayinsa ya faɗi ƙarƙashin tebur, ya sunkuya ɗauka, ya ga kwalin. Ya warware jarida ɗaya, ya ɗaga kwalbar a haske.

"Mai Sinima, ashe abin da nake nema a ƙarƙashin ƙafarka yake kwance?"

"Ajiye, Auta. Hannunka duk man mota ne."

"Ka haɗa mini amfilifaya da su."

"Ba a yi su don kiɗan rawa ba."

"To don me aka yi su? Don gizo-gizo ya samu ɗaki?"

Washegari na ga Baba ya jera kwalaben a kan darduma yana gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin ya ɗauki watanni, don sai ya sallami kayan mutane yake taɓa shi. Tiren gasa burodi Kawu ya kawo, Baba ya huda shi ya zaunar da kwalaben a kai, ƙanana a gaba, manya biyu a baya. Kafintan da ke kusa da mu ya yi akwatin katako, aka saka ɗaya daga cikin lasifikan sinimar, Inna ta rufe fuskarsa da ragowar wani yadi mai ruwan ƙasa. A bayan tiren Baba ya bar wata 'yar ƙusa da ake murɗawa da sukuddireba. Ita ce ke ƙayyade yawan wutar da manyan kwalaben za su riƙa sha.

Ranar gwaji Kawu ya zo da jitarsa, ya zauna a benci. Baba ya kunna, ya sa aka jira kwalaben suka ɗumama. Kawu ya kaɗa. Sautin ya fito tsaf, babu laifi, amma babu abin da zai sa ka juyo.

"Ƙara mata," in ji Kawu.

Baba ya murɗa ƙusar kaɗan. Muryar ta yi kauri.

"Ƙara."

Ya sake murɗawa. A nan ne keken Inna ya tsaya. Ni ina bakin ƙofa, na ji abin a ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Kawu ya ja tsirkiya ɗaya ya riƙe, sautin ya ƙi mutuwa, yana ta buɗewa yana ɗan rawa, kamar mutum mai babbar murya yana waƙa a hankali. Kafinta ya leƙo da zarto a hannu.

Baba ya miƙe ya rufe taga, ya kashe fitila, ya kira Kawu bayan akwatin.

"Duba nan. Ba zaren tsakiya ba, shi dama aikinsa ja. Dubi farantin."

A cikin duhun ana iya ganin gefen farantin ya fara yin wani ja mai duhu.

"Wannan ba haske ba ne, ƙuna ce," in ji Baba. "Daɗin da kake ji, ranta take ba ka. Kuma abin da ke cikin kwalin nan shi ke nan, ba ni da inda zan samo wasu."

"Yaya, ka ji abin da na ji kuwa?" Kawu bai cika ce masa Yaya ba sai in yana roƙo.

Baba ya ji. Ya juya kunnensa na dama wajen lasifikar ya ce a sake kaɗawa, ya daɗe a tsaye. Sannan ya rage ƙusar ɗan kaɗan, wanda bai kai ya raba farantin da haɗari ba, ya ɗaure bayan akwatin. Daga baya Inna ta ce tunda take da shi ba ta taɓa ganin ya san abu kuskure ne ya kuma aikata ba sai ranar.

Akwatin ya yi suna nan da nan. Ƙungiyar su Kawu ta fara samun gayyata daga unguwannin da ba su taɓa zuwa ba, makaɗa na zagayawa bayan dandamali don su ga abin da ke ciki. Kawu yana loda shi a motar burodi, ya bi da shi ramuka, ya sauke ya kunna ya hau kaɗawa ba jira.

Ana cikin haka aka gayyace su wani babban biki a ɗakin taro, da yamma, wuri cike. An kai inda sauran makaɗa ke yin ƙasa da kiɗa su bar wa jita fili. Kawu ya matso gaba, ya ɗaga wuyan jitar, sai wani haske shuɗi ya walƙa a bayan akwatin, aka ji ƙauri, sauti ya ɗauke. Ya tsaya a gaban jama'a yana kaɗa tsirkiyar da ba mai ji. Wasu suka yi dariya. Mai ganga ne ya rufa masa asiri har aka ƙare waƙar.

Da safe ya dire akwatin a ƙofar shago, bai ko gaisa ba.

"Ga kayanka. Dama me ake tsammani daga abin da aka tsinto a bola?"

Inna ta ɗaga labule. "Auta, da wa kake magana?"

"Bar shi," in ji Baba.

Bayan Kawu ya tafi ya buɗe akwatin. Kwalba ɗaya ta tsage, cikinta ya yi fari kamar an zuba alli, ta kuma ja 'yar uwarta sun tafi tare. Ya riƙe su a hannu ya zauna. Maganar bola ba ita ta dame shi ba, ya san bakin Auta. Abin da ya hana shi cin abincin rana shi ne sautin da ya fita daga hannunsa ya ɗauke a gaban mutane, kuma ya san tun ranar farko hakan zai faru.

Ya saka sababbi biyu daga kwalin, ya mai da ƙusar can baya inda yake ajiye irinta a sinima. Da fushin Kawu ya sauka ya zo ya ba da haƙuri, ya karɓi jitar ya gwada. Bai kai ƙarshen waƙa ba ya tsaya.

"Me ka yi masa?"

"Na sa shi inda zai kai ka tsufa."

"In tsufa ina kaɗa gwangwani? Wannan ai gara tawa ta da, ita ko ba komai ba ta da nauyi."

"Gwangwanin da ke magana ya fi wanda ya yi shiru a tsakiyar taro."

"Kai matsalarka ke nan, Mai Sinima. Kai so kake kada a san kana nan. Ni kuwa aikina a san ina nan."

Ya tafi ya bar akwatin. Ya koma wa tsohuwar amfilifayarsa, in ya zo gaida Inna ta ƙofar gefe yake shiga.

Wani zai ture akwatin gefe ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Baba bai iya haka ba. Ya yarda maganar Kawu akwai gaskiya a ciki, abin da ba ya lalacewa amma ba mai son amfani da shi, bai ga amfanin ƙarkonsa ba. Sai ya fara bin duk abin da ke rage wa kwalba kwana ban da wuta. Ya lura girgizar lasifika na kaɗa su, ya sa kafinta ya yi wa tiren nasa ƙaramin akwati daban da za a ɗora a sama. Ya yanka robar tayar keke ya sa a ƙarƙashin mazaunin kowace kwalba saboda ramukan hanya. Ya huda katakon sama da baya don zafi ya samu mafita. Ya ƙara makunni na biyu, yadda dole sai zaren ya ɗumama kafin babbar wuta ta shiga. Ya sa fiyus a inda in ɗaya ta mutu ba za ta ja ɗayar ba.

Duk wannan ya iya shi kaɗai. Murya ce ba zai iya ba, don ba ya kaɗa jita, kuma kunnen dama ma ya fara bin na hagu. Inna ce ta aika aka kira ƙaninta.

"Ba roƙonka nake ba," ta ce masa. "Mutumin nan ya ƙi barci ya ƙi cin abinci da daɗi a kan akwatinka. In ka sauke burodi ka riƙa biyowa kana kaɗa masa. In ba za ka zo ba ka faɗa mini yanzu in san ba ni da ƙani."

Ya fara zuwa. Sai kuma wani abin mamaki ya ɓullo. Baba ya samu wani matsakaicin wuri ya bar ƙusar, bai ƙara taɓa ta ba, amma yau akwatin ya yi daɗi har Kawu ya lumshe ido, gobe ya koma sirit kamar mai mura. Kawu ya ce Baba na murɗawa a ɓoye. Baba ya ce yatsun Kawu ne ke bin yanayin cikinsa, in ya ƙoshi daban, in yana jin yunwa daban. Suka yi ta wannan musu.

Wata rana Kawu na shigowa, ko zama bai yi ba, muryar Inna ta fito daga bayan labule.

"Yau zai yi daɗi."

Ya kuwa yi. Kashegari ta ce, "Yau kada ku wahalar da kanku." Haka aka yi. Da ta sake faɗa ta sake dacewa, Kawu ya yaye labulen.

"Yaya, duba kika fara ba mu sani ba?"

"Wane duba? Kekena ne ke gaya mini. Duk ranar da yake jan ƙafa, allura na tafiya kamar ba ta so, ranar akwatinku ke waƙa. Ranar da yake gudu kuwa, sai ku yi ta faɗa."

Baba ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ɗauki mitar awon wuta ya soka a soket ɗin bango, ya duba allurar. Wutar unguwa ta yi ƙasa sosai, don a layinmu akwai masu walda, in aiki ya yi musu yawa kowa sai ya ji a gidansa. Shi kuma duk awonsa da sassafe yake yi, kafin su buɗe. Ya dubi mitar, ya dubi Inna, ya yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba.

"Innarsu, tun yaushe kika lura?"

"An daɗe. Ku ne ba ku tambaye ni ba."

Ya zaunar da Kawu ya yi masa bayani da misalin ruwa. Ya ce abu biyu ne ke ƙona kwalba in sun haɗu, ƙarfin da wuta ke zuwa da shi da kuma yawan da kwalbar ke sha. Shi da yana rage mata sha ne, shi ya sa muryar ta rame. Amma in aka rage ƙarfin da wutar ke bugowa da shi, kwalba za ta iya sha ta ƙoshi ba tare da farantinta ya yi ja ba, kuma za ta fara gurnanin nan da wuri, tun ba a ƙure ta ba.

"To ai shi ke nan," in ji Kawu. "Sai mu riƙa yawo da mai walda."

Ba shi ke nan ba ne. Zaren da ke ɗumama kwalba shi cikakkiyar wuta yake so, in aka rage masa wata cutar ce daban. Dole a rage babbar wutar kaɗai a bar ta zaren yadda take, wannan kuwa sai an warware taransifoma an sake naɗa ta da hannu. Baba ya zauna ya yi. Ya zare faranta-farantan ƙarfenta, ya warware siririyar wayar tagulla, Inna ta ba shi aron kwarkwaron zarenta ya naɗe ta a kai. In yana naɗi ba a yi masa magana don kada lissafi ya ɓace masa. Mai kawo rediyo sai ya ajiye a bakin ƙofa ya yi alama da hannu ya wuce.

Kafin a kunna ya gaya wa Kawu gaskiya.

"Ba zai yi ƙara kamar da ba. A babban ɗaki sai an sa masa makirufo a gaba. Wannan kai za ka haƙura da shi. Ni kuma zan haƙura da cewa kwalaben ba za su kai ka tsufa ba. Za su yi 'yan shekaru, in sun gaji mu canza su tun suna kan ƙafarsu, ba a gaban mutane ba."

Ƙara na cikin abin da Kawu yake taƙama da shi. Duk da haka ya ce, "In muryar ta dawo, na yarda."

Baba ya zauna a bayan akwatin, sukuddireba a hannu, ido a kan mita. Kawu na benci da jita. Inna ta fito da awon ɗinki rataye a wuya, ta tsaya a tsakiyar shago, ta ce kowa ya yi shiru. Baba na murɗawa a hankali, Kawu na maimaita 'yar gajerar waƙa guda.

"Da saura," in ji Inna.

Ya ƙara.

"Ya fara zuwa. Kaɗan kuma."

Ya ƙara, allurar mitar na hawa.

"Nan."

Kawu ya ci gaba da kaɗawa. Baba ya dubi allurar, tana ƙasa da layin iyakar da ya ja da biro. Ya rufe taga ya kashe fitila, ya sa Kawu ya yi ta dukan tsirkiya da iyakar ƙarfinsa, shi kuma ya tsugunna yana kallon farantan. Baƙi ƙirin suke, zaren kaɗai ke ja. Ya aike ni na ɗauko jan farcena, ya ɗiga a kan ƙusar, ya ce don kada ta motsa, don kuma in wani ya taɓa ya gane.

"Wanin nan ni ne?" in ji Kawu.

"Ban kama suna ba."

Akwatin ya koma motar burodi. Kawu ya koyi kunna makunni na farko ya jira, ya koyi barin kwalabe su huce kafin ya ɗaga, ya kuma sayi sitabilaiza saboda wuraren da wuta ke zuwa da hauka. Lokaci-lokaci yakan kawo shi awo, Baba ya duba ya ce a tafi, ko ya ce lokacin canji ya yi. Bai sake yin shiru a taro ba.

Wasu makaɗan suka fara zuwa neman irinsa. Baba ba ya karɓar aiki sai ya yi tambayoyi, a ina kake kaɗawa, da me kake ɗaukar kaya, kana da haƙurin jira ko ba ka da shi. Wani saurayi ya ce shi a ƙure masa ƙusar, in ta ƙone ya sayi wata. Baba ya nuna masa hanyar wani shagon. Kaɗan ya haɗa, kuma ko ɗaya bai fita ba sai Inna ta saurara. Manyan makaɗa masu gashi a tsaye sukan tsaya a bakin labule su rusuna su gaishe ta, su jira ta gama ɗinkin da ke gabanta. Takan ce, "Wannan yana magana ta hanci," ko "Wannan ya cika tsawa, ba ya sauraron kansa," Baba ya koma ciki da ƙarfen dalma. A lokacin, ji ya kusa barinsa gaba ɗaya. In ana gwaji sai ya ɗora tafin hannu a kan katakon, ya karanta sauran a fuskar Inna.

Bayan na girma na fara aiki, na matsa masa muka je asibitin kunne. Ya yi ta gardama, wai me ya rage da bai ji ba. Aka gwada shi aka ba shi 'yar na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne. A hanyar dawowa ya yi ta ƙorafi, wai ashe haka gari ya koma da hayaniya, wai ko takalmina ƙara yake. Na kira Kawu na ce ya zo da akwatin, Baba ya ji aikin hannunsa da kyau ko sau ɗaya.

Kawu ya zo, furfura ta cika masa kai, sai da na kama masa muka shigo da kayan. Aka kunna, aka jira. Inna ta ja kujera. Kawu ya gyara zama zai fara, Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Mene ne wannan?"

"Ai ban fara ba."

"Na sani. Wannan ƙugin fa?"

Muka dubi juna. Akwai wani ɗan siririn ƙugi da akwatin ke yi in ba a kaɗa komai, can ƙasa-ƙasa. Duk mun san shi, mun saba da shi har mun daina ji.

"Tun yaushe yake yi?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Tun ranar da ka sake naɗin nan."

Baba ya juya ga Inna. "Ke ma kin ji?"

"Na ji, Malam. Da an fara kiɗa yake ɓacewa. Ka sha wahala a kansa, na ga ba sai na ƙara maka ba."

"Shekara da shekaru kayana na ƙugi a gaban mutane, ba wanda ya gaya mini."

"Babu wanda ya taɓa kuka da shi," in ji Kawu. "Ni ma in ban ji shi ba sai in ɗauka ban kunna ba. Don Allah ka zauna ka ji waƙar, ka bar shi yadda yake."

Baba ya ce a kaɗa. Kawu ya kaɗa masa waƙa guda tun daga farko har ƙarshe, a hankali, ya ja tsirkiyar ƙarshe ya bar ta ta mutu da kanta. Baba na zaune, hannuwa a gwiwa, kansa a sunkuye. Da aka gama ya ɗago.

"Ashe haka yake," ya ce. "To, ba laifi. Kun yi gaskiya da kuka nace."

Sannan ya miƙa hannu ya kashe, ya zare wayar daga bango, ya jira wutar da ke ciki ta sauka, ya juya akwatin. Ya sa tabarau ya bi wayoyin da tsinken katako ɗaya bayan ɗaya. Wayoyi biyu da ke kai wuta ga zaren sun kwanta kusa da wadda ke ɗauko sautin jita. Ya murɗe su tare kamar igiya, ya kwantar da su can gefen tire, ya ɗaure. Aikin bai kai a sha shayi a gama ba.

Aka sake kunnawa. Shiru, kamar ba a kunna ba. Kawu ya kara kunne a jikin yadin, ya taɓa tsirkiya don ya tabbata, sautin ya fito yadda yake.

"Yanzu sai in riƙa duba 'yar fitilar akwatin kafin in san yana aiki," ya ce. "Ka ƙara mini wahala."

"Sauran da na haɗa wa mutane," in ji Baba, yana goge hannu, "duk haka na bi da wayoyinsu. Ka san gidajensu?"

"Na san wasu."

"Ka gaya musu su kawo, ɗaya bayan ɗaya. Kada su zo mini a tare, teburin ba zai ɗauka ba."